Kado Mai Lema a Falon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka kai ni gaban mahaifin matata ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Aliero ba za su bar ni ba. Har yau in na je biki ko ta'aziyya sai an sami wani tsoho ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana murmushi, yana tambayata lafiyar kado. Ni kuwa in ce lafiya lau, to me zan ce? Gemuna ya yi fari, na aurar da 'ya'ya, na ajiye alli, amma maganar nan ta ƙi tsufa. Gara ku ji ta daga bakina, don masu ba da ita sun fara ƙara mata gishiri, har akwai mai rantsuwa wai na yi tsalle na bugi fanka. Ban bugi fanka ba. (Hula dai ta faɗi, wannan ba zan musa ba.)

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba. Ina malamin firamare a Maiyama, saurayi, da kekena da gashin bakina da nake ji da shi. Ni ɗan Katanga ne, can ƙasar Jega, kuma na tashi ban san wani abu wai shi talabijin ba. Yarintarmu tatsuniya ce da langa da korar tsuntsaye a gonar gero. Sai da na zama ƙato, na gama makarantar horon malamai, sannan na fara ganin katun, wato wasan yara na zane mai motsi, kuma wallahi abin ya yi mini kamun da ban taɓa zato ba. Abin da yara ke gani tun suna ƙanana su ƙoshi su wuce, ni sai ya same ni da girmana da yunwata.

Maƙwabcin gidan da nake haya wani malamin asibiti ne, mutumin kirki, yana da talabijin baƙi-da-fari mai ƙofofin katako da ake zugewa. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a lokacin ranakun aiki tasha ba ta buɗewa sai bayan la'asar. Asabar da Lahadi ne kaɗai ake farawa da safe, kuma da katun ake farawa. Kai, ku zo ku ga ikon Allah a unguwarmu ranar Asabar! Yaron da sai an bi shi da tsumagiya yake wanka, shi ne zai tashi ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya shanye kokonsa da zafinsa, ya shafa mai har fuska tana ƙyalli, don kar uwarsa ta sami dalilin hana shi fita. Kafin a buɗe tasha takalma sun cika ƙofar ɗakin malamin asibiti. Su zauna jere a tabarma suna kallon wasu zane-zanen tsaye da ake sawa kafin a fara, da wata ƙara mai shiga kunne, ba mai motsi, ba mai ƙorafi.

Hoton daga Sakkwato yake zuwa, kuma kafin ya iso Maiyama ya gaji. Eriyar tana ɗaure a kan wata doguwar gora a bayan ɗaki, iska kaɗan ta juya ta sai allon ya koma yashi zalla. Dole a sami mai tsawo da ƙarfi ya riƙa murɗa gorar, yara suna ihu ta taga: "Ya yi! Ya ɓace! Koma baya kaɗan, Malam! Nan, nan, tsaya nan!" To kun ji ƙofar da na shiga ta ita. Ni dai taimako na zo yi. In hoto ya daidaita sai in tsaya bakin ƙofa, hannu a baya, fuska a ɗaure, wai ina duba irin Turancin da ake koya wa ɗalibaina. Daga bakin ƙofa na koma kan kujera, daga kujera, ban san ranar da abin ya faru ba, na tsinci kaina a tabarma, yaro a dama yaro a hagu, muna cin gyaɗa ɗaya.

Turancin nan kuwa, gaskiyar Allah, ni ma rabinsa wuce ni yake yi, don ta hanci suke magana. Ba mu damu ba. Mu muke raɗa wa kowa suna. Wanda ya fi kama mu labarin wani ɗan akuya ne mai ƙararrawa a wuya, wanda ambaliya ta raba da garkensu, kullum yana neman hanyar komawa gida. Yara suka sa masa Ɗan Taure. Akwai kuma wani kada mai tafiya da ƙafa biyu, riƙe da lema, ga fara'a, ga daɗin baki, ga durƙusawa in zai gai da mutum. Mu nan kado muke cewa, kada Hausar littafi ce, don haka sunansa Kado Mai Lema. Duk inda ɗan akuyan nan ya sa gaba sai ya tarar da shi yana jira da murmushi. Ban taɓa tsanar wata halitta kamar yadda na tsani kadon nan ba, alhali na san da alƙalami aka zana shi.

Wata Asabar aka tsaya a mugun wuri. Ɗan Taure ya iso bakin wani babban kogi, yana hango garkensu a tsallake, har da uwarsa. Sai ga Mai Lema da kwalekwale, ya dafa ƙirji, yana nuna masa ya shigo ya tsallakar da shi. Ɗan akuya ya matso yana shinshina kwalekwalen, sai rubutu ya hau allo. An tashi! A zamanin nan ba mayarwa baya, ba turawa gaba, ba wanda za ka tambaya. Sai ka jira Asabar, in ka rasa ta kuma ka rasa ke nan. Mako guda muna gardama. Ina tsakiyar koyar da lissafi wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, shina shiga?" Na daka masa tsawa na ce nan aji ne. (Da aka fita tara na kira shi gefe na ce a ganina ba zai shiga ba, ai ya fara wayo.)

Ana cikin wannan ne saƙon da na daɗe ina roƙon Allah a kansa ya iso. Akwai yarinyar da nake nema, Asabe, 'yar Aliero, wadda na fara gani a gidan yayarta da ke aure a Maiyama. Ba zan tsaya yabonta ba, don za ta iya karanta wannan ta samu abin yi mini gori, amma ku sani na riga na gama yanke wa raina in ba ita ba to sai dai in zauna haka. Mahaifinta babban ɗan kasuwar albasa ne, mai lodin manyan motoci zuwa Kurmi, mutum ne da aka sani ba ya son wargi. Manema biyu ya riga ya sallama, ɗaya ma wai don ya zo gaisuwa yana tauna cingam. A al'ada manya ne ke zuwa neman aure, saurayi ba ya bin su. Amma Alhaji ya ce shi bai san ni ba, bai san gidanmu ba, kuma ba ya ba da ɗiyarsa ga wanda bai gani da idonsa ba. A zo masa da yaron ranar Asabar da safe, don da azahar zai bi mota.

Asabar da safe! Ina jin kunyar faɗa, amma na yi alkawarin gaskiya: da aka gaya mini, kafin farin ciki ya zo, abin da ya fara faɗo mini a rai Ɗan Taure ne a bakin kogi. Na yi istigfari, na ce wa kaina kai wane irin mutum ne, aure ake magana. Na goge babbar rigata, na aro hula mai kyau, na kwana ina maimaita gaisuwa.

Baffa Ummaru, ƙanen mahaifina, shi ya rene ni tun rasuwar babanmu, kuma shi ne waliyyina. Dattijo ne mai ji da mutuncinsa, wanda a Katanga in ya ba da shaida an gama. Muka haɗu a tashar Jega da sassafe muka shiga mota. Tun daga nan har muka fara jin ƙaurin albasar Aliero huɗuba yake yi mini.

"Ka ji ni da kyau," in ji shi. "In munka shiga ka zauna ƙasa, ka duƙe kanka. Ba ka kallon huskatai. In anka kawo abinci ba ka ci, ruwa ma ka taɓa baki ka aje. Ba ka magana sai an tambaye ka, in anka tambaye ka kalma guda ta isa. Ku malaman makaranta kun saba da surutu, yau dai ka bar shi cikin mota. Ni ka magana."

Na ce, "To, Baffa."

"Ko 'to' ɗin ga ta yi ƙarhi. Rage ta."

Aka yi mana iso har falon Alhaji. Ina cire takalmi sai na ga abin da na saba gani: tulin ƙananan takalma a bakin ƙofa. Muka shiga. Falo ne babba, da kafet da kujerun kushin, Alhaji yana zaune a kan ta tsakiya da carbi a hannu, ƙanensa a gefe. Can kusurwa kuwa, daidai bayan kafaɗarsa ta dama, ga yara sun kai goma sha, ƙannen Asabe da jikoki da 'ya'yan maƙwabta, sun yi tsit a gaban talabijin. Ƙanen Alhaji ya yunƙura zai kore su, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Bar su, ranarsu ta. Ku dai rage murya." Aka rage har sai kiɗan kawai ake ji ƙasa-ƙasa. Ni kuwa kiɗan nan ko a cikin barci na ji shi na san shi.

Na durƙusa na yi gaisuwa yadda aka koya mini, na zauna a kafet, na sunkuyar da kai. Wurin da aka nuna mini kuwa, in na kalli gaba, Alhaji ne, in na kauce da ido kaɗan, allon ne. Na ce a raina ba zan duba ba. Na kafa ido a kan zanen kafet, na bi furanninsa ɗaya bayan ɗaya, na yi salati. Baffa da Alhaji suna ta gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, yaya kasuwa. Aka kawo fura mai sanyi na taɓa baki na ajiye. Wallahi har nan ban yi laifin komai ba, Baffa ma na ji ya yi gyaran murya irin ta wanda ya gamsu.

Sai na ji ƙararrawa. 'Yar ƙaramar ƙararrawar wuyan Ɗan Taure. Na ce bari in ɗaga ido sau ɗaya tak, kaina yana ƙasa, ba wanda zai gani. Na ɗaga. Jama'a, talabijin ɗin Alhaji mai kala ce! Ban taɓa ganin mai kala ba sai ranar. Ashe Ɗan Taure ja ne da fari a goshi, irin awakinmu na gida. Ashe kogin shuɗi ne. Ashe lemar munafukin nan rawaya ce! Watanni ina kallonsu cikin toka-toka, yau ga su kamar a kai hannu a taɓa. Daga nan kaina dai yana ƙasa yadda Baffa ya ce, amma idanuna sun yi hijira.

Baffa ya gyara zama ya shiga maganar da ta kawo mu. Ina jin muryarsa sama-sama, kamar daga wani ɗaki.

"Alhaji, yaron ga ni nir rene shi tun ubanai ya rasu, ban taɓa jin an kawo ƙaratai ba. Natsattse na. Tun shina ƙarami ba shi zama cikin yara, ba shi da wasa."

A allo Mai Lema ya cire hularsa, ya durƙusa, ya shimfiɗa wa Ɗan Taure ganye a cikin kwalekwale don ya ji daɗin zama. Ɗan akuya ya ja da baya. Na ce a raina yawwa, ɗan albarka, kar ka kula shi.

"In ba makaranta ba, masallaci. In ba masallaci ba, shina ɗaki da littahi. Ko ranar Asabar da ba aiki, an ce min da sassahe shika tashi ya hita neman ilimi."

Mai Lema ya fara kuka. Hawaye manya-manya, yana nuna tsallaken kogi, yana nuna uwar Ɗan Taure, yana dafa ƙirji wai tausayi ne ya kama shi. Sai aka nuno mana abin da ɗan akuya ba ya gani: a bayan kwalekwale, ƙarƙashin lemar, tukunya ce a kan wuta da wuƙa da cokali. Ɗan Taure ya matso. Ya ɗaga ƙafar gaba.

"Ni dai shaidar da zan ba ka, Alhaji, tsakanina da Allah," in ji Baffa, ya dafa ƙirji shi ma, "in kab ba shi ɗiyakka, ka ba mai cikakken hankali, wanda ya san abin da shika yi."

Ɗan Taure ya sa ƙafa a kwalekwale.

"Ƙarya shika yi! Wallahi ƙarya shika yi, kar ka yarda da shi!"

Sai da na ji muryar ta bugi bango ta dawo sannan na gane tawa ce. Na tsinci kaina a kan gwiwoyina, hannuna a miƙe, yatsana yana nuni, hula ta gangara gaban Alhaji. Kuma saboda yadda aka zauna, wanda duk ya dubi yatsan nan zai rantse tsakanin Alhaji da Baffa yake nunawa. Carbin Alhaji ya tsaya. Yara gaba ɗaya suka juyo, sun bar katun suna kallona, don nawa ya fi. Bakin Baffa yana buɗe, hannunsa har lokacin yana kan ƙirjinsa. Ta bayan labulen ƙofar cikin gida na ji wani abu ya faɗi, kamar faranti.

Alhaji ya dube ni, bai ɗaga murya ba. "Malam, wa ka ƙarya?"

Yanzu ku duba halin da nake ciki. In na yi shiru, na ƙaryata baffana a gaban surukai, kuma na ce duk alherin da aka faɗa a kaina ƙarya ne. In na faɗi gaskiya, to ga ƙato mai gashin baki, malamin makaranta, ana maganar aurensa yana kallon wasan yara. Kuma tsoro, ban san dalili ba, sai ya mayar da ni Hausar aji, wadda nake karanta wa ɗalibai. Na buɗe baki na ce:

"Kada..."

Alhaji ya ɗan karkato. "Kada mi? Kada in ba ka ɗiyata?"

"A'a! A ba ni!"

Inna lillahi. Saurayi, a gaban uban yarinya, da bakinsa, da ƙarfi, wai a ba shi. Na ji Baffa ya yi wani nishi kamar an taka masa ciki. Na ce, "Wato, ranka shi daɗe, kado nika nuhi. Kado. Wancan, mai lema. Akwai tukunya bayanai." Har da bayanin tukunya, jama'a. Wa ya tambaye ni?

Alhaji ya juya a hankali ya dubi talabijin. Ya daɗe yana kallo. Ya juyo ya dube ni, ya dubi hulata a ƙasa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, ba fushi ba dariya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sannan ya ce wa yaran, "Ku kashe abin ga." Babban cikinsu ya tashi ya murɗa. Abin da na gani na ƙarshe shi ne Ɗan Taure, ƙafafun gaba a kwalekwale, na baya a kan tudu, ya waiwayo. Hoton ya tsuke ya koma ɗigo, ya ɓace. Irin kallon da yaran nan suka yi mini ban taɓa samun irinsa ba ko a wurin ɗalibin da na yi wa bulala.

"To, mun gode da tattaki," in ji Alhaji. "Na ji, kuma na gani. In na komo daga Kurmi kwa ji."

Ban san yadda na sa takalmi ba. Na dai san sai da muka kai titi na lura na bar hular aro a falo, kuma ko da za a ba ni garin Aliero ba zan koma ɗaukarta ba. Baffa ya yi gaba, na bi shi har tasha. A mota ya zauna gaba, ni baya. Sai da muka sauka a Jega ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya yi ja.

"Tun da nike ba wanda yat taɓa ce min maƙaryaci. Sai yau, ɗan da nir rena, gaban mutane, sabili da ƙadangare."

"Kado na, Baffa."

"Ruhe min baki!"

Ya hau motar Katanga ya bar ni nan tsaye. Na ji tausayinsa fiye da yadda na ji tausayin kaina, don tsohon nan ya sa rigarsa ta Idi, ya baro gonarsa, ya je ya zuba mutuncinsa gaba ɗaya a kan tabarmar wani saboda ni.

Na koma Maiyama na tarar da wani sabon tashin hankali. Ashe da safen nan iska ta juya eriya, ba ni nan, malamin asibiti yana wurin aiki, yara sun yi ta fama da gora ba su iya ba. Yashi suka kalla har aka tashi. Suka tare ni da tambaya, ni da na je gari mai kala: "Malam, ya shiga?" Na ce ban sani ba. Ba su yarda ba, suka ce rowa ce.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Abinci ya daina shiga. Na je wurin yayar Asabe in ji ko akwai labari, tana ganina ta saki muciya ta zauna ƙasa tana dariya har da hawaye, ta kasa amsa gaisuwata. Da ta samu numfashi ta ce, "Asabe na bayan labule da hwarantin ƙosai, ita tas sake shi. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta koma kuka. Yanzu dai kukan ya hi yawa." Ta ce Alhaji bai ce wa kowa komai ba, ko Innarsu ba ta san ransa ba. Na fito ina ganin hanya biyu-biyu. Wanda aka kora saboda cingam ma ai ya fi ni hujja. Na tabbata na rasa yarinyar nan, kuma na rasa ta a kan abin da ko a gaban alƙali ba zan iya maimaitawa ba.

Wata ranar Laraba, ana cikin tara, wani ɗalibi ya ce ana sallama da ni. Na fito na hango Baffa a ƙarƙashin darbejiyar bakin makaranta, da sandarsa, fuska a murtuke. Na je na durƙusa. Bai amsa gaisuwar da kyau ba, ya ciro hular aron nan daga aljihu ya jefa mini a cinya.

"Alhaji ya komo. Ya kira ni, na tahi."

Na yi shiru. Wannan karon kam na iya shiru.

"Ya ba ka."

Na ɗago kai. Ya ce, "Duƙe kanka, ban gama ba. Ya ce abin da nih hwaɗi duka ya ji, amma kowane baffa haka shika hwaɗi in ya zo neman aure, shi ma haka nashi yah hwaɗi a kanai. Ya ce abin da yag gani da idonai shi na, yaron da bai iya ganin za a cuci ɗan akuya ya yi shiru, ko da akuyar zane ta, ko da shirun shi ka hisshe shi. Ya ce shina tahiya Kurmi wata da watanni, shina son ɗiyatai ta zauna hannun wanda in yag ga tukunya zai yi ihu."

Hawaye suka cika mini ido, ban ɓoye ba. Baffa ya kau da kai yana kallon yara suna wasa, sannan ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wato dai," in ji shi, "shi ma ya yarda da kai ƙarya nika yi."

Daga nan dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da tari, yana zagina yana sa mini albarka a numfashi ɗaya.

An ɗaura aure bayan damina. Amma ƙarshen Ɗan Taure ban taɓa gani ba. Asabar ɗin da ta biyo bayan abin, tasha ta sako wani katun daban, ba sanarwa ba ban haƙuri, haka suke yi. Ƙannen Asabe ba su gani ba tunda an kashe, kuma sun shekara suna gaishe ni da ƙyar. Akwai wasu gidaje a Aliero da suka kalla, amma ku gaya mini, da wane ido sabon suruki zai bi gida-gida yana tambaya ko akuya ta shiga kwalekwale? Na taɓa tambayar Asabe ko ta ji wani ya faɗa, ta ce, "Aurena na lilo, kai kana ta akuya? Allah shi shirye ka, Malam."

A hankali abin ma gaba ɗaya ya mutu, ban san ranar da aka yi jana'izarsa ba. Tasha ta koma wuni tana aiki, safiyar Asabar ta cika da jawabai da tallace-tallace. Aka kawo faifai, aka kawo tauraron ɗan'adam, katun ya zama ba dare ba rana har ya daina zama abin jira. Yanzu jikokina kowa da waya a hannu, kowa a kusurwarsa, abin kunne a kunne, ba mai yi wa wani ihu ya ce ya waiwaya. Ba na cewa nasu ba daɗi, su suka sani. Ni dai ina kewar ɗaki cike da yara masu ƙamshin man shafawa, ana tsoro tare, ana ajiyar zuciya tare. Na ce wa babbar jikata ta nemo mini labarin a wayarta, ta ce in faɗi sunansa na Turanci. Ina na san shi? Ta rubuta Kado Mai Lema, waya ta kawo mata masu sayar da lema.

Abin da na koya dai bai da yawa: in an kai ka gaban suruki, kafin ka duba inda yake zaune, duba inda talabijin take ka ba ta baya. Na sami matar, na rasa ƙarshen labarin, kuma in an sake ba ni zaɓi sau dubu matar zan ɗauka. Amma tunda na riga na zubar da mutuncina ranar, kuma ashe ba a kansa za a hana ni ba, wallahi da na sani da na ƙara da roƙon Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya ɗan dakata da kashewar nan mu ga ko ya shiga.